Ruwa a huhun Baba: daga zuciya abin yake

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda ciwon zuciya ya tara wa Baba ruwa a huhu cikin dare ɗaya. Allah ya ba shi lafiya.

Idan ɓangaren hagu na zuciya ya gaza tura jini, sai jinin ya cunkushe a jijiyoyin huhu, ruwa ya tsattsafo. Barin maganin hawan jini na jawo haka, ko toshewar jijiyar zuciya, ko lalacewar ƙofofinta. Gishiri da kanwa na ƙara tsananta shi.

In ciwon ya sake tashi, musamman da kaki mai kumfa ja-ja, don Allah kada ku kwantar da shi ko ku ɗura masa jiƙo. Ku zaunar da shi, ƙafafu a ƙasa, ku garzaya sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, a sa masa oksijin da allurar fitar da ruwa.