Shin wuta tana ƙone giyar da aka dafa abinci da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin digiri na uku ne a Oxford. Duk yammacin Alhamis malamin da ke duba aikina yakan tara mu a wata tsohuwar ƙaramar mashaya, a ci abinci a tattauna bincike. Ba na shan giya, amma makon jiya na ci naman sa da aka gasa a cikin ɓawon fulawa, sai daga baya na lura an rubuta cewa da giya aka dafa shi. Abokin karatuna ya ce kada in damu, wuta ta ƙone ta. Hankalina ya ƙi kwanciya. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hukuncin abin da ka ci cikin rashin sani, da na zama a irin wannan wuri, malaman addini za ka kai wa. Fannina kimiyyar abinci ne, kuma a nan zan gaya maka kai tsaye cewa maganar abokinka ba daidai ba ce.

Na gaji da jin wannan magana. Masu kawo abinci suna faɗarta, masu koyar da girki a intanet suna maimaita ta, har 'yan'uwanmu suna yaɗa ta a WhatsApp kamar sun auna da hannunsu. Hujjarsu ɗaya ce: sinadarin da ke sa maye yana tafasa a digiri 78 a ma'aunin Celsius, ruwa kuwa sai ya kai 100, don haka wai shi zai fara ficewa daga tukunya. Amma idan ya gauraya da ruwan miya ba ya tashi shi kaɗai, tare suke ƙafewa sannu a hankali, kuma muddin da romo a tukunyar to akwai ragowarsa. An auna wannan tun 1992 a wani bincike da masana na jami'o'in Idaho da Jihar Washington suka yi tare da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka. Idan aka zuba giya a ruwa mai tafasa aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na sinadarin yana nan. Bayan minti 15 a kan wuta saura kashi 40, bayan sa'a guda kashi 25, kuma sai an kai sa'a biyu da rabi kafin ya sauko zuwa kashi 5. Ko a nan bai ƙare ba.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne wanda ake cinna wa wuta a gabansu. A watan Disamba za ka ga an kawo kayan zaƙin Kirsimeti da suke kira Christmas pudding an kwarara masa barasa, an kyasta ashana, shuɗin harshen wuta ya lulluɓe shi na 'yan daƙiƙoƙi, kowa ya ɗauka an gama da ita. Wancan binciken ya nuna kusan kashi 75 yana saura bayan wutar ta mutu. Kayan zaƙin da ba a ɗora su a wuta ba kuwa, kamar wanda ake jiƙa da giyar sheri, mafi yawan abin da aka zuba yana ciki.

Ba ina cewa farantin da ka ci zai bugar da kai ba, adadin ya yi kaɗan. Amma “kaɗan” daban, “babu” daban, kuma bambancin yana da nauyi ga wanda ya guje ta saboda Allah, da mai juna biyu, da mai fafutukar rabuwa da shaye-shaye, da wanda likita ya ɗora a kan maganin Flagyl ya hana shi kusantar barasa. Ni kaina wani mai kawo abinci ya taɓa tabbatar mini cewa romon da aka zuba mini a kan dankali ba shi da komai, sai da na nace ya leƙa kicin ya dawo yana ba ni haƙuri, ashe da jar giyar inabi aka haɗa shi.

Dokar ƙasar ma ba ta taimake ka sosai ba. Ta wajabta wa masu sayar da abinci a Birtaniya su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da borin jini, irin su gyaɗa, ƙwai, madara da riɗi, amma barasa ba ta cikin jerin. Duk da haka ka nemi takardar da ke nuna waɗannan abubuwa a kowane abinci, domin idan ka ga an yi alamar salfait (sinadarin da akan samu a giyar inabi) ko sha'ir (hatsin da ake yin giya da shi) a gaban wata miya, akwai dalilin ƙara tambaya.

A mashayar Ingila kai ne za ka je kanta ka yi oda ka biya, to a nan za ka yi tambayarka. Kada ka ce “akwai giya a ciki?”, ka ce “an yi amfani da giya wajen dafawa ko haɗa ƙullun?”, domin kifin da ake soyawa da dankali sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawarsa. Ka kiyayi abin da suke kira cider: a Amurka sunan kan nufi ruwan tuffa zalla, a Ingila kuwa giya ce sosai. Shandy ma giya ce aka sirka da lemo. Black pudding da jini ake yin sa, galibi na alade. Idan an zagayo kan saya wa juna abin sha, ka nemi ruwan soda da lemon tsami, kowace mashaya tana da shi, sannan ka zaɓi gasasshen dankali da cuku ko wake, bayan ka tambayi yadda aka haɗa su.