Jirgin da na sayo daga Legas yana yoyo ta baya: in gyara ko in sayar?

Wani ɗan kasuwa daga Yawuri ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayo jirgin ruwa na faiba, na hannu, daga Legas, don jigilar fasinja da kaya a ranakun kasuwa a tafkin Kainji. Jirgin irin wanda injinsa ke ciki ne kamar na mota, ƙafarsa mai farfela ta fito ta bangon baya, samfurin MerCruiser. Yanzu ƙafar ta yi fari-fari tana ɓarewa, ruwa kuma na taruwa ƙarƙashin injin. Bakanike ya ce a sayo ƙafa wata. Yana tambaya: ya ƙara zuba kuɗi, ko ya rabu da shi?

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Kafin komai, kada ka ba da ko kwabo na sayen ƙafa tukuna. Ba ita ce za ta yanke maka hukunci ba. Bangon bayan jirgin ne zai yanke.

Yawancin jiragen faiba irin naka, bangon bayansu katako ne aka lulluɓe da faiba ciki da waje. An huda shi babbar huda inda ƙafar ta ratsa, ga kuma ramukan kusoshi. Idan ruwa ya daɗe yana shiga ta nan, katakon yakan ruɓe a ɓoye, waje na sheƙi, ciki ya zama dusa. To wannan bango shi ke ɗauke da duk ƙarfin turin farfela. Ka sa a fito da jirgin tudu, ka tsaya da kanka. A ɗauki ƙaramar guduma a bi bangon ana ƙwanƙwasawa: inda yake da lafiya za ka ji ƙara tsaf, inda ya ruɓe za ka ji dum-dum. Sai wani ƙaƙƙarfa ya kama ƙafar ya jijjiga ta sama da ƙasa, kai kuma idonka na kan bangon. In ka ga yana lanƙwasa, ko tsaga tana buɗewa kusa da kusoshi, magana ta fito. In kana son tabbaci, a huda ɗan rami ta ciki, can ƙasa-ƙasa, ba har waje ba. Garin katako busasshe mai haske alheri ne. Baƙi mai danshi, ko ruwa ya biyo, ruɓa ce. A toshe ramin da kyau bayan an gama.

Idan bangon lafiya lau yake, ka yi sa'a, domin galibi yoyon daga robobin da ke haɗa ƙafar da jirgi yake. Robobi ne masu lanƙwasa, ɗaya ta rufe sandar da ke juya farfela, ɗaya ta wayar canjin giya, ɗaya ta hayaƙi. Rana da shekaru kan tsattsaga su, kuma biyun farko in suka tsage ruwa kai tsaye cikin jirgi yake shiga. Jirage da dama a wurin ɗaurinsu suka nutse saboda wannan. A canja su gaba ɗaya, a duba boris ɗin da ke bayansu, a kuma zuƙo man giyar ƙafar a gani. In ya yi kalar madara, ruwa ya shiga ciki. Wannan gyara ne da ya cancanci kuɗinsa.

Ɓarewar ƙafar kuwa gadon Legas ce. Jikinta alminiyam ne, ruwan can kuma da gishiri, shi ke cinye ta, musamman in farfelar ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce. Akwai 'yan dunƙulen ƙarfe da ake ɗaura mata don su ci lalacewar a madadinta. Na tutiya na ruwan gishiri ne, a ruwan daɗi irin na Kainji ba sa aikin kirki, na maganiziyam ake sawa. Kuma ba a shafa musu fenti. In cin bai huda jikin ƙafar ba, a kankare, a sa fentin da ya dace da alminiyam, ta ci gaba da aiki. Ba kowace ƙafa mai muni ce ta mutu ba, ka gaya wa bakaniken haka.

Idan kuwa bangon ya ruɓe, lissafi ya canja. Sai an ciro inji, an cire ƙafa da duk abin da ke riƙe ta, an yanke faibar ciki, an ƙwaƙule katakon, an sa sabo, an sake lulluɓewa. Aikin makonni ne, kuma kowace ranar kasuwa da jirgin ya kwana a tudu asara ce da dole ka sa cikin kuɗin gyara. Mutane kan manta da wannan. Ka rubuta kuɗin kaya, kuɗin aiki, kuɗin kawo mai gyara daga nesa da masaukinsa, da cinikin da za ka rasa. Ni dai a ganina, in jimillar ta haura rabin abin da jirgin zai yi a kasuwa bayan an gyara, kada ka maido da wannan tsarin na injin ciki da ƙafa.

Gaskiya ma ko da lissafin ya yi daidai, ina da shakka kan dacewar irin wannan inji da sana'arka. An yi shi ne don masu yawon shaƙatawa, yana shan fetur sosai, kayan gyaransa sai Legas ko Fatakwal, wani lokaci sai an yi oda daga waje da dala. Tafkin Kainji kuma, tun da aka kammala madatsar a 1968, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa da ke jiran farfela. Abokan sana'arka da ke amfani da injin ratayawa, irin Yamaha mai doki 40 ko 75, in ya lalace sai su kwance shi su kai wa mai gyara a gari, gobe su koma ruwa. Tunda dole a sake bangon, ka tambayi mai aikin faiba nawa zai yi maka shi a toshe, da ƙarfin da zai ɗauki injin ratayawa. Sai ka sayar da tsohon injin da ƙafar ga masu kayan gyara, kuɗin ya rage maka nauyi. Wurin da injin ya bari ma ya zama na kaya, amma a gwada zaman jirgin a ruwa kafin a loda, don nauyinsa ya sauya wuri.

In ka zaɓi sayarwa, ka faɗa wa mai saye aibin baki da baki, ka rage kuɗi. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne, balle aibin da zai iya cin rai.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah, Alhaji: kada ka ɗauki fasinja ko ɗaya kana kwashe ruwa da bokiti, kana cewa sai kasuwa ta wuce. Mutanen yankinku ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, da ɗimbin rayukan da aka rasa. Idan an gama gyara, a ɗaure jirgin a ruwa ya kwana babu kowa, da safe a leƙa ƙarƙashin injin. In a bushe yake, ka nemi jami'an NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, su duba shi, ka tanadi rigar kariya ga kowane fasinja, sannan ka fara lodi.