Amsa kan nisan tafiyar jirgi daga Kano zuwa Jidda

Malam, ka ce tikitin da aka yanka wa mahaifiyarka domin Umara ya nuna tashi daga Kano da ƙarfe goma na dare da sauka a Jidda da ƙarfe biyar na asuba, kana tambaya ko awa bakwai za ta yi a sama. Ba haka ba ne. Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma kowane lokaci da aka rubuta a tikiti na garin da aka ambata ne, saboda haka biyar ɗin Jidda uku ne na dare a Kano, zaman jirgin kuwa awa biyar ne. A dawowa lissafin yakan juya, har tikitin ya nuna kamar awa uku kacal za a yi.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan aka ja layi miƙe. Manyan jiragen fasinja suna cin wajen kilomita 850 a awa guda, wato awa huɗu ke nan, sai a ƙara lokacin ɗagawa da sassautowa da jiran izinin sauka. A zirga-zirgar da na yi a wannan hanya kafin 2023, tsakanin awa huɗu da rabi zuwa biyar muke yi, ta saman Chadi da Sudan, sannan a tsallaka Bahar Maliya.

To, a nan ne nake so ka lura sosai. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazanmu na waccan shekarar suka riƙa kewayewa, tafiyar ta ƙaru da kusan awa biyu, kuɗin mai ma ya ƙaru. Don haka lissafin taswira ba shi ne abin dogaro ba. Ka tambayi wanda ya yankar muku tikitin ko jirgin kai tsaye ne, da kuma hanyar da yake bi a yanzu.

Idan mai yada zango ne, zancen ya sauya gaba ɗaya. Daga Kano zuwa Addis Ababa kaɗai ya haura kilomita 3,300, kusan nisan Jiddar kanta, sannan a sake yin wajen 1,400 zuwa arewa, ban da zaman jiran jirgi na biyu wanda kan cinye rabin yini. Ta Alƙahira ma kusan haka ne. A ganina, ragin kuɗin da ake samu bai kai wahalar da dattijuwa za ta sha a kujerun filin jirgi ba.

Ka kuma haɗa da awa uku na tantancewa kafin tashi, da layin jami'an shige da fice a Jidda, da fiye da awa guda a mota zuwa Makka. Tunda Jidda za ta sauka, ta yi wanka ta sa kayan haraminta tun daga gida, niyya kawai za ta rage mata idan jirgi ya daidaita da miƙati. Allah Ya kai Hajiya lafiya, Ya karɓi ibada.