Abokin aikina ya kwashe hotunana, manaja ya ce in rufa wa kaina asiri

Tambaya: Barista, ina aikin rubuta manhaja a wani kamfani a Abuja. Na ba abokin aikina kwamfutata ya gyara, ashe ya kwashe hotunana na cikin ɗaki. Yanzu ya ce ko in ba shi haɗin kai, ko ya watsa su a WhatsApp. Na kai ƙara wurin manaja, ya ce in rufa wa kaina asiri, daga baya aka ƙwace aikin da nake jagoranta.

Amsa: 'Yar'uwa, kafin komai, kada ki goge saƙo ko ɗaya, kada kuma fushi ya sa ki ajiye aiki. Ki ɗauki hoton kowane saƙo yadda lambarsa da rana da lokaci za su fito, ki adana wayar kanta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar waya, amma kotu za ta nemi takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro ta. Na sha ganin ƙara mai ƙarfi ta yi rauni don kawai mai ita ta sayar da tsohuwar wayarta.

Barazanar da yake miki laifi ce tun kafin ya watsa komai. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya taɓo irin wannan. Tunda a Abuja kike, dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 tana aiki kai tsaye, kuma hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ce ke kula da ita. Kina iya neman kotu ta ba da umarnin kariya da zai hana shi kusantarki.

Maganar kamfani kuwa, a ganina nan ce ƙarfinki yake. Sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar cin zarafin mata da nuna musu bambanci a wurin aiki. A 2013 kotun ta ba wata ma'aikaciyar Microsoft Najeriya diyya kan irin haka. Sai dai ƙorafin baki ba ya barin sawu. Yau ɗin nan ki tura wa manajan imel, ki ambaci ranar da kika same shi, da abin da ya faɗa, da ranar da aka karɓe aikin, sannan ki ajiye kwafi a imel ɗinki na kanki, ba na ofis ba.

Idan kuɗin lauya ne matsala, ki je ofishin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.