Tsohon jirgin filafili don ƙetare teku ni kaɗai: kaurin jikinsa ya isa in amince da shi?

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Shekara shida ke nan ina tuƙa jirgin filafili a bakin gaɓa, yanzu kuma ina son in ƙetare Atlantika ni kaɗai, daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan. Na sami jirgin faiba (zaren gilashi da aka daskarar da sinadari) mai tsawon ƙafa 31, ƙirar 1978, mai dogon kil, wato ƙashin ƙasan jirgi mai nauyi da ke hana shi kifewa. Dillalin ya ce jiragen wancan zamani kaurinsu ya ninka na yanzu, wai gobe ma zan iya kama hanya. Amma da aka fito da shi tudu na ga bororo sun feso a ƙasansa, kuma tun ranar ban yi barcin kirki ba, domin kuɗin duk abin da na tara ne. Bororon nan zai nutsar da ni? In saya ko in haƙura?

AMSA

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka a kan bororo. Ruwa ne ya ratsa fatar waje ta faibar, ya haɗu da ragowar sinadaran da ba su gama daskarewa ba, ya kumbura. In ƙanana ne kamar ƙwayar wake kuma ba su wuce fatar waje ba, a fasa su, a wanke da ruwan daɗi, a bar jirgin ya bushe sarai, a cike da gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi. Wanda za ka guda shi ne mai faɗin tafin hannu, wanda in an ƙwanƙwasa gefensa za a ji faibar ta rabu hawa-hawa. In ba haka ba, bororo dalilin neman ragi ne wurin ciniki.

Abin da ya kamata ya hana ka barci shi ne maganar dillalin nan, kuma ita zan tsaya a kai, domin kusan kullum sai na ji wani ya maimaita ta kamar karatu. Gaskiya ne masu ƙera jirage a wancan lokaci sun riƙa zuba faiba da kauri. Gaskiya ne kuma wasu ƙirar sun yi suna da hujja: a tseren jiragen filafili na Fastnet na 1979, tsakanin Ingila da Ireland, wanda guguwa ta kashe matuƙa 15, wani jirgi ƙirar Contessa 32 mai suna Assent ne kaɗai ya kai ƙarshe a rukunin ƙananan jirage. Amma a 1979 Assent bai kai shekara goma ba. Naka ya haura shekara arba'in yana shan gishiri, kuma sunan ƙira ba ya gaya maka halin da ƙarfen da ke cikinsa yake a yau. Dubi tseren Golden Globe na 2018, wanda aka keɓe wa tsofaffin ƙira masu dogon kil, ƙafa 32 zuwa 36, kowa shi kaɗai a jirginsa. Biyar kacal suka kammala, jirage biyar kuma jigonsu, wato doguwar sandar da ke riƙe filafili, ya karye, alhali an kashe musu kuɗi sosai kafin tashi. Jikin jirgi ya jure, abin da aka ɗaura a kansa ne ya saki.

Fara da kunnuwan ƙarfen da wayoyin jigo ke kamawa, waɗanda suka ratsa doron jirgi suka ɗaure a bangon ciki. Da ƙarfe marar tsatsa ake yin su, kuma wannan suna ya yaudari mutane da yawa. Ƙarfen nan da iska yake kare kansa: iskar oksijin ce ke gina masa siririyar fata a waje. To daidai inda ya ratsa doron jirgi, inda ruwan gishiri ke maƙalewa kuma iska ba ta kaiwa, fatar nan ba ta sake ginuwa, sai ƙarfen ya riƙa cinyewa daga ciki. Sama yana ƙyalli, ƙasa yana ƙyalli, tsakiyar da ba ka gani ta zama kamar gidan gara. Kyan ɗan maciji ke nan. Shiga ciki da tocila, ka buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa, ka duba ko akwai zirin tsatsa mai launin ruwan shayi da ya gangaro, ko katakon bangon ya yi baƙi ya yi laushi kewaye da ƙusoshin. Ko ba ka ga komai ba, kada ka yarda. Sai an zare su ɗaya bayan ɗaya an duba da gilashin ƙara girma, ko an fesa musu jan ruwan nan mai tona tsaga. A jirgin 1978 wanda babu rasidin canji, shawarata a sake su gaba ɗaya. In kuma an binne su cikin faiba yadda ba a iya zare su, ka sani aiki ne babba, ka sa shi a lissafi tun kafin ka taya.

Me ya sa nake matsa maka haka? Daga Kanari zuwa Karibiyan kusan mil 2,700 ne na teku. Jirgi irin naka da ke cin mil 100 zuwa 120 a wuni zai yi kwana 23 zuwa 27. In igiyar ruwa tana girgiza shi duk bayan daƙiƙa shida, sau 14,400 ke nan a rana ɗaya ƙarfen yake miƙewa yana sakewa, ba dare ba rana. Mai jirgin da zai sayar maka wataƙila bai taɓa wuce yawon yamma ba. Tsagar da ta yi shekara goma tana kwance, mako biyu ya ishe ta ta ƙarasa.

Haka wayoyin jigon kansu. Kamfanonin inshora da yawa ba sa yarda da wayar da ta wuce shekara goma, kuma a nan ina bayansu. Duba inda waya ta shiga bakin ƙarfen da aka matse ta a ciki, musamman na ƙasa inda ruwa ke taruwa: tsaga siririya kamar gashi, ko zare ɗaya da ya tsinke ya miƙe, ya isa. In mai jirgin ya ce "an canja ba da daɗewa ba", ka ce ya kawo takarda. Babu takarda, ba a canja ba.

Sai bawul-bawul na ƙasan jirgi, waɗanda ruwan inji da na bayi da na wanke-wanke ke bi. Ƙirga su, ka murɗa kowanne da hannunka. Wanda ya ƙi motsi matacce ne. Goga jikinsa da samfefa: launin rawaya lafiya, amma in ka ga ja-ja mai kama da hoda, tagulla ce mai yawan tutiya, ruwan gishiri ya tsotse tutiyar ya bar ƙarfe mai gautsi da zai iya ɓallewa a hannunka. Rami mai faɗin milimita 38, santimita 60 ƙasa da fuskar ruwa, yana shigo da fiye da lita 100 a minti ɗaya. Kai kaɗai ba za ka iya buga famfo kana kuma neman inda ruwan ke shigowa ba. A sa na tagullar gaske, a sake tiyo, kowane baki maɗauri biyu, a ɗaure toshiyar katako kusa da kowane bawul.

Kil ɗinka dogo ne, to tambayi yadda aka haɗa shi. In an zuba nauyin cikin faibar jikin jirgi, babu ƙusoshin da za su ci amanarka, sai dai ka duba ƙasansa ko ya taɓa dukan dutse ruwa ya shiga. In ƙarfe ne a ciki, tsatsa tana kumbura shi har ta tsage faibar. Dalma ba ta yin haka. In kuma da ƙusoshi aka ɗaure shi, a zare ko da biyu ne a gani. A 2014 jirgin Cheeki Rafiki ya rasa kil ɗinsa a tsakiyar Atlantika ya kife, mutum huɗu suka tafi. Allon tuƙi ma ka kama shi ka girgiza da ƙarfi, ka ga ko yana wasa, ko ruwa mai tsatsa na ɗigowa daga ƙasansa bayan jirgin ya kwana a tudu. Doron jirgi kuwa yawanci faiba biyu ce da katakon balsa a tsakani. Bi shi da ƙaramar gudumar roba: amo mai kaifi lafiya, amo a dushe ruɓa ce, musamman gindin jigo da gindin sandunan shinge.

Duk wannan ba aikinka ba ne kai kaɗai. Ɗauko mai binciken jirage da kuɗinka, wanda kai ka zaɓa. Na gaji da ganin mutane suna karɓar rahoton da dillali ya miƙo musu, ko mai binciken da shi ya kira. Wanda cinikin nan zai ba shi la'ada ba shi ne zai nuna maka aibu ba. Ka kuma karanta ƙananan rubutun rahoton: da yawa za su ce an duba jigo "daga ƙasa", wato babu wanda ya hau. Ka biya mai aikin wayoyi daban ya hau, ko a sauke jigon. Inshora ma ka neme su tun kafin ka biya, domin kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar mai tafiya shi kaɗai fiye da 'yan sa'o'i, wasu kuma jin shekarun jirgin kawai ya isa su rufe magana.

Girman da ka zaɓa daidai ne. Robin Knox-Johnston da jirgin ƙafa 32 ya zagaye duniya ba tsayawa a 1968 zuwa 1969, Tania Aebi kuma ta zagaye ta da Contessa 26, tana tsayawa a tashoshi. Ma'aunin shi ne: za ka iya rage babban filafili kai kaɗai, cikin dare, kana jiri? Ka tabbata yana da matakin ragi uku. Ramin tuƙi, inda matuƙi ke zama, ya zama ƙarami, da magudanai masu faɗi, ƙofar shiga ciki kuma da dakali mai tsayi don kada igiyar da ta faɗo ta zarce ɗaki. Matuƙin iska, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta bin iska, irin su Aries ko Monitor ko Hydrovane, shi ne abokin tafiyarka na gaske tunda ba ya cin batir. Duba ko bayan jirgin zai karɓe shi, matuƙin lantarki kuma ya zama na ko-ta-kwana. Igiyar tsira, wadda kake maƙala ɗamararka a jikinta, ta bi tsakiyar jirgi gwargwadon iko, ɗamararka kuma gajera, domin wanda ya faɗa ruwa jirgi na jan sa da wuya ya iya hawowa. Sa AIS mai ƙararrawa, na'urar da ke nuna maka jiragen da ke kusa, da EPIRB, na'urar aika kiran ceto, da aka yi wa rajista da sunanka. Jirgin dakon kaya mai gudun mil 20 a sa'a yana cin kusan mil bakwai cikin minti ashirin, shi ya sa masu tafiya su kaɗai ke yanka barcinsu gajere-gajere.

Injin, ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso. Taɓa shi ka ji da sanyi, sannan a kunna, ka kalli hayaƙi da ruwan da ke fita ta salansa. Tankin dizal kuwa a buɗe a wanke, domin dattin da ya kwanta shekaru igiyar farko ce za ta dama shi ya toshe filta.

Game da kuɗi, ka ce duk abin da ka tara ne, kuma nan ne na fi jin tsoro. In farashin jirgin ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ke hannunka, ka haƙura da shi ka nemi ƙarami, domin wayoyi da kunnuwan ƙarfe da bawul da filafilai da kwalekwalen ceto suna nan suna jira. In ya bar maka sarari, ka taya bisa sharaɗin bincike da gwaji a ruwa, a rubuce. Bayan gyara kuma ka yi tafiyar kwana uku ko huɗu kai kaɗai, nesa da gaɓa, kafin ƙarshen Nuwamba lokacin da damina ta guguwa ke wucewa a Atlantika. Abin da zai saki, gara ya saki a wannan tafiyar, inda tashar jirage ba ta fi wuni biyu ba.