Bakin da ya yi maka kirari shi zai ce ba ka zakka

Ɗan uwa, kai da ka ce in an yabe ka sai ka ji kai wani ne, in mutum ɗaya ya kushe ka kuma barci ya gagare ka, har ka rasa wanne ne kai a ciki, wallahi kamar labarina ka rubuta.

Kafin gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, ƙofar shagona ba ta rabuwa da mutane. "Alhaji uban marayu", "Alhaji mai hannun kyauta". Akwai wani, ba zan kama sunansa ba, kullum shi ke fara kirarin, a shagona yake cin abincin rana, kuɗin makarantar yaransa ni nake biya, ragon sunan 'yarsa ma ni na saya. Wuta ta cinye kayana, toka ba ta gama hucewa ba bawan Allahn nan ya zauna a majalisa yana cewa ai dama ba na fitar da zakka, shi ya sa. Zakka! Shi da ya sha raka ni rabonta da azumi. Abinci ya gagare ni, na riƙa tashi tsakar dare ina lissafin shekarun baya da ka, wai ko gaskiya ya faɗa. Ka ji fa, ina tuhumar kaina a kan abin da hannuna ya miƙa. Har yau in mun haɗu a masallaci sunkuyar da kai yake yi.

Ƙuraishawa su suka kira Annabi (SAW) Al-Amin, su ɗin ne suka dawo suna ce masa mahaukaci, mai sihiri, shi kuwa bai sauya ba. Ga hadisin Miƙdad a Muslim, a watsa wa masu yawan yabo ƙasa a fuska.

Ni yanzu in an faɗi magana a kaina, sai in auna ta da abin da ni da Allah muka sani: bashin wa na danne, awon wa na tauye? In akwai in gyara, in babu in yi barcina. Ka nemi mutum ɗaya da ba ya cin komai a hannunka, ni yayata ce, ita nake tambaya, kuma ba ta raga min. Bayan isha'i ka ajiye wayar nan, ka daina bin abin da aka rubuta a kanka.

Sannan don Allah 'yan kasuwa, ku riƙa rubuta zakka da bashi a littafi, ku ajiye shi a gida. Nawa a shago yake, tare suka ƙone.