Amsa ga 'yata kan cikar shekarar rasuwar Inna

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, na samu saƙonki inda kike tambaya ko akwai abin da al'ada ta ɗora mana yanzu da Inna, kakarku, take gab da cika shekara da rasuwa, kuma ko ya dace ku jikoki ku haɗa kuɗi a yi anko, a buga kalanda, a yanka sa, kamar yadda kike gani ana yi a Kaduna. Kin kuma ce wata abokiyar aikinki ta gaya miki addu'a ba ta isa ga wanda ya riga ya mutu. Na ji daɗi da kika tambaya tun kafin ku yanke shawara, domin Inna ta tafi ta bar mu da sanin abin da take so.

Mu Katolika muna yi wa matattunmu addu'a ne saboda mun gaskata cewa mutum yana iya mutuwa cikin alherin Allah amma da sauran tsarkakewa a gabansa kafin ya ga fuskar Ubangiji, kuma mutuwa ba ta yanke zumuncin da baftisma ta ƙulla tsakaninmu. A Littafin Makabiyawa na Biyu, sura 12, Yahuza Makabi, jagoran Yahudawa, ya tara kuɗi ya aika Urushalima domin a miƙa hadaya saboda sojojinsa da suka faɗi a yaƙi. Wannan littafi yana cikin littattafai 73 na Littafi Mai Tsarki da muke karantawa, ba ya cikin 66 na 'yan'uwanmu na ECWA da sauransu, shi ya sa abokiyar taki ta faɗi abin da ta faɗa. Kada ki yi gardama da ita, ki nuna mata dalilinmu cikin ladabi.

Babbar addu'ar da muke da ita ita ce Misa. Tun da daɗewa Ikilisiyar Roma take tuna mamaci a rana ta uku, da ta bakwai, da ta talatin, sannan da cikar shekara, kuma talatin ɗin tana da tushe, domin kwana talatin Isra'ilawa suka yi suna makokin Musa. Misar cikar wata ta yi ƙarfi ƙwarai a ƙasar Ailan, inda da yawa daga cikin Fada-Fadan SMA, wato firistocin ƙungiyar mishan ta Afirka, da suka yi aiki a ƙasar Zuru suka fito. Maƙwabtanmu Musulmi da dama suna sadakar uku da bakwai da arba'in, kuma kin ga da idonki yadda dangin Inna Musulmi suka zauna tare da mu ranar bakwai, suka yi mana ta'aziyya, muka ci abinci kwano ɗaya. Bayan waɗannan akwai ranar 2 ga Nuwamba, wadda Ikilisiya ta keɓe domin dukan masu bi da suka rasu, kuma a cikin watan ne muke zuwa maƙabarta mu share kaburbura, Fada ya sa musu albarka.

Ku kun san Inna ne da tsufa, tana zaune a kan tabarma da rosari a hannu, amma mu 'ya'yanta mun san ta lokacin da cocin ƙauyenmu ba ta da Fada nata, sai katikis, wato malamin koyarwar addini, ne yake jagorantar addu'ar Lahadi, Fada kuwa sai an daɗe kafin ya zagayo. Duk ranar da aka ce zai zo, tun asuba take tashinmu, ta yi mana wanka, ta goya ƙaramin, mu kama hanya a ƙafa, ita kuwa ko ruwan koko ba ta sa wa bakinta har sai ta karɓi Jikin Ubangiji. Ba ta yi boko ba, amma katikisim yana kanta, kuma ba wanda ya isa ya kwanta a ɗakinta a watan Mayu ko Oktoba ba tare da an kammala rosari ba, ko da gyangyaɗi yake yi. Idan aka sussuke dawa, kafin a zuba ko tiya ɗaya a rumbu sai ta auna na godiyar kaka ta ajiye gefe, ta kuma auna wani wanda ba ta taɓa gaya mana na wane ne ba. Sai a zaman makokinta wasu gwauraye mata biyu suka faɗa mana cewa gidajensu yake zuwa. Zanenta na Zumuntar Mata ya koɗe ne wajen zuwa gaida marasa lafiya da wankan gawa da kwana a gidan makoki. Kuma ba ta taɓa barin Nuwamba ya wuce ba tare da ta kai sunan Baba da na iyayenta an karanta a bagade ba, da kuɗin ƙosai da take ƙullewa a bakin zane.

Saboda haka ra'ayina game da anko da kalanda shi ne ba haramun ba ne, amma ba al'adarmu ba ce, kuma ba na so a ci bashi dominsu. Na ga gidajen da aka yanka sa, aka ɗauko makaɗa, rabin masu anko suna zaune a ƙarƙashin rumfa lokacin da ake Misa a ciki, kuma abin yana ɓata mini rai. Monika mai tsarki, mahaifiyar Agustin, da za ta rasu a Ostiya ta ƙasar Italiya a shekara ta 387, ta gaya wa 'ya'yanta kada su damu da inda za a binne ta, abin da ta roƙa kawai shi ne su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji duk inda suke. Abin da Inna ta yi ta nanata mana ke nan a ciwonta na ƙarshe.

Ga abin da ni da gwaggonki muka tsayar. Za mu nemi Fada ya miƙa Misa dominta a nan Zuru ranar cikar shekarar, daga nan mu je kabarinta, sannan a dafa abinci daidai ƙarfinmu a aika wa maƙwabta, Kirista da Musulmi, yadda take yi kowace Kirsimeti. Wanda hanya ta hana shi zuwa ya ba da sunanta a cocin da yake zuwa. Kuɗin da ake bayarwa domin Misar kyauta ce ta son rai, ba farashi ba, kuma dokar Ikilisiya ta ƙarfafa Fada ya yi wa matalauci Misa ko bai kawo komai ba. Kuɗin da kuka yi niyyar kashewa kan atamfa, ina roƙon ku sayi dawa da shi a miƙa wa shugabannin Zumuntar Mata, su raba wa iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Danko-Wasagu, domin su ne suka san gidajen da ake kwana da yunwa. Ki sanar da sauran jikokin, ki kuma gaya mini ko za ki samu zuwa da yaran, domin a gyara muku ɗaki.

Ni ne kawunki.